Tafkin Kawuna a Gaban Babbar Kotu

Na yi shekaru ina buga keken rubutu a ofishin rajistar kotu a Birnin Kebbi, lokacin da Sakkwato ce hedikwatar jiharmu, komai namu sai an kai can an sa masa hannu kafin ya zama magana. A cikin shari'un da suka bi ta hannuna akwai guda ɗaya da har yau in na tuna ta raini ke cika mini ciki. Ina raina masu baƙaƙen riguna da suka yi ta, ina raina abokan aikina da suka yi ta tafka muhawara a kanta, kuma akwai kason da na ware wa kaina. Shari'ar kawuna ce, yayan mahaifiyata, masunci a wani ƙauye kusa da Argungu.

Wanda bai san fadamarmu ba sai na yi masa ɗan bayani, domin rashin wannan bayani ne ya kayar da kawu. Ƙasa da ƙauyensu akwai wani kwari mai faɗi, wata siririyar hanyar ruwa ta haɗa shi da gulbi. Da farkon damina gidan wani manomi, maƙwabcin kawu, su ke shuka shinkafa a ciki. Gulbi ya cika ya shigo, shinkafa ta riƙa bin ruwa tana tsawo, kifi kuma ya biyo ruwan ya bazu a tsakanin karare yana ƙiba. In ruwa ya soma ja da baya, sai mutanen gidan kawu su je su datse bakin hanyar da turaku da zana, kifi ya rasa mafita. Manomi ya yanke shinkafarsa ya kwashe, ruwan da ya rage a tsakiyar kwarin ya zama tafki, kawu da 'ya'yansa su yi ta su, wato kamun kifi, a ciki har rani ya yi nisa ya ƙafe. Shinkafa ta manomi, kifi na kawu. Haka iyayensu suka yi, haka kakanninsu, kuma da wannan tafkin kawu ke ciyar da gidansa. Ba wanda ya taɓa ganin wata matsala a ciki sai da muka sami masu ilimi.

Akwai wata al'ada kuma tsakanin gidajen biyu. Ranar da aka buɗe kamun kifi a tafkin, kifin da ya fi kowanne girma ba ya shiga tukunyar kawu, gidan manomi ake kai shi. Ranar da aka gama yankan shinkafa kuma, sai ka ga an jingine dami biyu a zauren kawu, wanda ya kawo ya gaisa ya tafi. Ba a yin doguwar godiya, ba a kuma tayar da zancen daga baya. Ni kaina na ci tuwon shinkafar nan sau ba adadi in na je hutu.

Manomin ya rasu. Babban ɗansa ma'aikaci ne a Sakkwato, mai teburi da waya a ofis. A shekarun ne sojoji suka kafa sabuwar dokar ƙasa, wadda ta ce ƙasa duk a hannun gwamna take, kowa riƙo yake yi, kuma wanda ke son riƙonsa ya yi ƙarfi sai ya nemi takarda. Ɗan manomi ya san ƙofar da ake bi, ya nemi takardar kwarin ya samu. Ya sayi injin ban-ruwa, yana son ya yi albasa da rani, ruwan tafkin kuwa shi yake buƙata. Ban ga laifinsa wajen son albasa ba, kowa ya san abin da take kawowa. Abin da ban yafe masa ba shi ne bai tako zauren kawu ya zauna sun yi magana ba. Wasiƙa ya aiko, da Turanci, zuwa ga mutumin da ya goya shi a kafaɗa ya ƙetare da shi ruwa yana ƙarami, wai ya daina shiga masa ƙasa.

Da farko maganar ta je kotun yanki a Argungu. Alƙalin wani dattijo ne, ɗan fadama, wanda ƙafarsa ta san taɓo. Ya tambayi wa ke shuka, aka gaya masa. Ya tambayi wa ke datse ruwa, aka gaya masa. Ya tambayi tun yaushe, dattawan ƙauye suka ce tun kafin a haife su. Ya ce to kowa ya ci gaba da abin da ya gada, in ɗan manomi na son ruwan albasa ya jira a gama su ko ya haƙa rijiya. Kafin azahar an watse.

Sai ɗan manomi ya ɗauko lauya daga Sakkwato. Lauyan ya rubuta cewa tunda ƙasar tana da takarda, kotun yanki ba ta da hurumin taɓa ta, hukuncin dattijo kamar ba a yi ba ne. Aka karɓi wannan, aka ce za a sake jin shari'ar daga tushe idan babbar kotu ta zo zama a Birnin Kebbi. Fayil ɗin ya faɗo kan teburina, na ga sunan kawu an rubuta shi ba daidai ba.

A ofishinmu kuwa zance ya samu. Rajistaranmu, wanda shi ne shugabana, mutum ne da ke ji da kansa a fagen doka duk da bai taɓa tsayawa gaban alƙali ya faɗi kalma ɗaya ba. Kullum in an tashi cin abinci sai a fitar masa da kujera ƙarƙashin dogon yaro, ya baje jarida a cinya, ƙananan ma'aikata su kewaye shi. Ko sabuwar doka ta kashe gado ne ko ba ta kashe ba? Ko kotunan alƙalai suna da sauran bakin magana a kan ƙasa? Wannan ya ce haka ake yi a kudu, wancan ya ce ai an faɗa a rediyo. A cikinsu duka babu wanda ruwan fadama ya taɓa wuce masa idon sawu, amma kowanne ya san yadda ya kamata a raba ta. Mutum ɗaya ne ya faɗi abin hankali, tafintan kotu, wani Kirista daga ƙasar Filato da ya daɗe a garinmu har Hausarsa ta koma irin tamu. Ya ce a ƙauyensu ma gona takan zama ta wani, itacen ɗorawar da ke tsakiyarta na wani, kuma ba a taɓa faɗa ba. Rajistara ya kalle shi ta saman tabarau ya ce takardar gwamnati layi ɗaya gare ta na sunan mai ƙasa, ba a yi ta don tatsuniyar ƙauye ba. Aka yi dariya, saboda shugaba ne ya yi maganar.

Shi ne kuma ya kira ni gefe ya ce ya ji ɗan'uwana ne a shari'ar, to in kama kaina. Ma'aikacin kotu ba ya shiga shari'a, ba ya ba da shaida, musamman wanda takardar ƙarin girmansa ke kan hanyar Sakkwato. Ban san ko akwai wannan ƙa'idar a rubuce ba, ban kuma bincika ba, don ba na son in gano babu. Na ce to, ranka ya daɗe.

Ana gobe zaman kotu kawu ya sauka a ɗakin da nake haya wajen Gwadangaji, da la'asar, da 'yar jakarsa da buta. Bai ɗauki lauya ba. Ya ce gaskiya ba ta buƙatar ɗan aike. Na riga na karanta takardun ɗaya ɓangaren, na ga inda suka dosa, don haka bayan ya sha fura na ce masa:

"Kawu, gobe za su tambaye ka batun kihin da kuke kaiwa gidansu duk shekara. So suke su ce haya kake biya. In sunka tambaya, ka hwaɗi damman shinkahwa da su ma suke kawo maka."

Ya ajiye ludayi ya dube ni.

"In hwaɗi mi?"

"Shinkahwar, kawu. In anka ji kowa na ba kowa, maganar haya ta mutu."

"Mutum shina kabari," in ji shi, "in tashi gaban jama'a in maishe da alherinai biya? In nac ce shina kawo min shinkahwa, gobe wani mai baki shi ce ashe shi ma haya yaka biya, ƙasar ba ta ubanai ba ta. Ƙasa tasu ta, ɗana. Ba ni taɓa ta."

Na ce masa ai su abin da suke shirin yi masa ke nan da kifinsa.

"Su sunka ga dama," ya ce. "Yaron ga da kainai ya sha ɗauko damman nan bisa kai shi kawo zaurena. In ana son a ji, shi hwaɗi."

Na yi ta lallashi har na gaji, haushi ya kama ni na ce wannan ba mutunci ba ne, wauta ce. Bai yi fushi ba. Ya tambaye ni inda ake alwala.

Washegari kotu ta cika. Zafin bazara ne, fanka ba ta aiki, amma lauyan nan ya shigo cikin baƙar riga har ƙasa da farar hular gashi, gumi na bin wuyansa yana shiga kwala. Ya jera littattafai a gabansa, kowanne ya isa a yi matashi da shi. Alƙalin baƙo ne a yankinmu, mutum mai natsuwa, kuma ba na ce mugu ba ne, amma na tabbata a faranti kawai ya san kifi. Ni ina can kujerar baya, inda ma'aikaci mai kama kansa ke zama.

Aka kira kawu. Lauya na tambaya da Turanci, tafinta na mayarwa.

"Ƙasar nan da ake magana, taka ce?"

"A'a. Ƙasa tasu ta."

Lauya ya juya ya dubi jama'a yana murmushi, kamar wanda aka ba kyauta. Ya ce to me ya kawo shi kotu?

"Ruwa nau na," in ji kawu.

Aka kwashe da dariya a layin gaba, inda masu takalma ke zama. Lauya ya tambaya ko yana da takardar ruwan. Ya tambaya ko in rani ya yi yakan naɗe ruwan ya kai gida ya ajiye. Kowace tambaya sai ya ɗan dakata a yi masa dariya, kamar mai wasa a dandali. Kawu yana amsawa da gaskiyarsa, bai ma gane ana yi masa ba'a ba, ko kuma ya gane ya ga bai kai ya kula ba.

Daga nan aka zo kan kifi. Duk shekara yana kai kifi gidan masu ƙasa? Ya ce i. Mafi girma? Ya ce wanda ya fi. Ya taɓa fashi? Ya ce ko sau guda. Lauya ya rufe littafinsa da ƙarfi ya ce wa alƙali, ga shi daga bakin mutumin, shekara da shekaru yana biyan haya, mai haya kuwa in mai gida ya ce ya tashi sai ya tashi.

A nan alƙalin ya yi abin da zan yaba masa. Ya ɗaga kai ya tambaya da kansa ko su masu ƙasar suna ba kawu wani abu. Tafinta ya mayar da tambayar a hankali, kalma kalma. Kawu ya juya ya dubi ɗan manomi, ya tsaya yana kallonsa, yana ba shi lokaci. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa, sai ka ce ranar ya fara ganinsa.

"Tsakanina da ubanai alheri na," in ji kawu daga ƙarshe.

Tafinta, Allah ya saka masa, ya ƙara da tasa tambayar da ba a sa shi ba.

"Baba, wane irin alheri? Faɗa wa kotu."

"Shi ya sani," kawu ya ce, ya nuna ɗan manomi da haɓa.

Lauya ya miƙe ya ce wanda yake karewa ya riga ya gama ba da shaidarsa, ba za a dawo da shi ba. Alƙali ya rubuta wani abu. Ni da na ci tuwon shinkafar nan har na yi santi, ina zaune a baya, bakina a rufe. Da na miƙe na ce ga abin da na sani, iyaka a kore ni daga ɗakin, ko ƙarin girma ya makara. Na auna, na ga ya yi mini tsada.

Hukuncin ya fito bayan wasu makonni, kuma ni aka ba in buga. Shafi bayan shafi, an jawo shari'un wasu ƙasashe masu sanyi inda attajirai ke haƙa tafki a bayan gida don sha'awa, an ɗora su a kan fadamar Argungu. Ƙarshensa dai wanda ke da ƙasa shi ke da abin da ya kwanta a kanta, kuma kawu ɗan haya ne da wa'adinsa ya ƙare. Na buga shi tsaf, rajistara ya duba ya ce aiki ya yi kyau.

Hukuncin ya yi suna. Lauyoyi suka riƙa ambatonsa a wasu shari'u, aka yi zancensa a rediyo, wasu na cewa ci gaba ne, an kawo ƙarshen ruɗani a harkar ƙasa, wasu na cewa a sake dubawa. Rajistara ya riƙa kiransa shari'armu, yana bugun ƙirji kamar shi ya haife ta. A ƙarƙashin dogon yaro aka yi wata guda ana juya ta, ba wanda ya tambayi abin da mutumin zai ci. A fadama kuwa duk mai takarda da ke da kwari ya soma duban masuncin da ke shiga masa da wani ido. Manyan nan da suka yi wannan aiki su ne kuma za ka gani a rumfa ranar bikin kamun kifi, cikin babbar riga, suna tafa wa masunta.

Na ce wa kawu a ɗaukaka ƙara. Ya ce sau biyu ya tsaya gaban hukuma ya faɗi gaskiya, ba ya yin na uku. Shekarar da ta biyo, da ruwa ya soma ja, ɗan manomi ya sa aka toshe bakin hanyar da ƙasa don ya tare ruwan albasa. Inji ya yi ta zuƙa, kifi ya taru a taɓo ya mutu, warinsa har cikin ƙauye. Bayan shekara biyu ya ga ambaliya na ɓata masa kunyoyin albasa, sai ya kawo motar noma ta cike hanyar ruwan gaba ɗaya, ta baje kwarin, ya haƙa rijiyoyi. Kawu ya koma su a gulbi cikin jirgin wasu, da tsufansa, yana karɓar abin da aka ba shi. 'Ya'yansa biyu suka bar ƙauyen suka shiga dako a kasuwar Birnin Kebbi. Da ƙafafunsa suka soma kumburi sai ya zauna a gida.

Ana nan, ba da daɗewa ba kafin a yanke mana tamu jihar, sai wata kotu da ke sama ta yi hukunci a wata shari'a dabam mai kama da tamu. Ta ce takardar ƙasa ba ta share haƙƙin ruwa da mutane suka gada, kuma hukunci irin na kawu kuskure ne. Rajistara ya shigo ofis da takardar a hannu yana kaɗa ta. Da bakin nan nasa da ya kira abin tatsuniyar ƙauye ya ce shi dama tun farko ya faɗa, doka ba ta barci, ga shi ta gyara kanta. Ƙananan ma'aikata suka ce ƙwarai, ranka ya daɗe, mun tuna. Tafinta ya tashi ya fita waje. Rajistara ya ba ni hutun yini guda, wai in je in yi wa tsoho albishir.

Na hau babur na tafi, kuma don in rage hanya na bi ta fadama. Inda tafkin yake albasa ce kore shar, layi layi, har bakin inda hanyar ruwa take a da. In ba ka san wurin ba, ba za ka ce ruwa ya taɓa kwanciya a nan ba.

Na iske kawu a zaure ya miƙe ƙafafu a kan tabarma. Muka gaisa, na zauna. Daga baya na ce:

"Kawu, manya sun sake magana. Sun ce ruwa irin naka na mai shi na, kuskure anka yi maka."

Ya murza gwiwarsa, ya tambaye ni:

"Ta ina kab biyo?"

"Ta hwadama."

"Ka ga ruwa?"

"Ban gani ba."

"To," ya ce.

Ya tambayi lafiyar mahaifiyata da ta iyalina, ya tambayi ko an yi mini ƙarin girman nan, na ce an yi tuntuni, ya ce madalla. Sannan ya ɗaga murya ya ce a kawo wa baƙo abinci. Aka kawo tuwo da miya, ya buɗe kwanon da kansa ya leƙa, ya turo mini.

"Yi haƙuri da miyar, ɗana," ya ce. "Kihin kasuwa na."

Na wanke hannu na ci, yana zaune yana kallona, har na cinye.